Lilon Abuja da Arahar Malam

Tun da muka dawo daga Abuja ban huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a Islamiyyar matan aure a tambaye ni, har a layin markaɗe wata ta riƙe min mayafi, wai da gaske ne na hau lilon da ke kai mutum kusa da gajimare? Masu tambayar iri biyu ne. Akwai masu son kai nasu 'ya'yan ba tare da an sayar da akuya ba, akwai kuma waɗanda labari ya riga ya iso musu daga Kibiya, suna so su ji ko zan musa. Ba zan musa ba. Zan dai faɗa tun daga farko, mai neman shawara ta tsinci abin da za ta tsinta.

Tafiyar ta 'yata ta fari ce, Walida. Kun san mu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa gaban mutane, ba a tare masa faɗa, in ana rabon abu shi ne na ƙarshe. Haka na taso na ga Innarmu tana yi wa yayanmu, haka ni ma nake yi. Shekarar Walida goma sha ɗaya, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". A unguwa ma Maman Abba ake kira na, da sunan ƙaninta mai shekara shida.

Bara ta ga wani bidiyo a wayar babanta, wani ƙaton lilo mai kama da ƙafar keke, da 'yan akwatuna a jikinsa mutane na zaune a ciki, yana juyawa a hankali har ya kai su sama. Babanta, da bakinsa, ba wanda ya matsa masa, ya ce ranar da ta haɗa izu goma zai kai ta ta hau. Ina jin ya ɗauka sai ta shekara uku. Wata bakwai ta kawo masa shaidar malaminsu, ta ajiye a gabansa ta koma kicin.

Baban nata, Malam, malamin lissafi ne a sakandare, saboda haka ya ɗauko biro ya tsara mana tafiyar da babu irinta wajen araha. Ba za mu sauka a otal ba. Ba za mu sayi abinci ba. Ba za mu shiga motar tasha ba. Sannan ba za mu je lokacin Sallah ba, sai an watse, a tsakiyar mako, lokacin da babu cunkoso. Wannan ta ƙarshen gaskiyarsa ce, ku riƙe ta. Sauran ukun ku ji yadda suka kaya tukuna.

Ya ce kada kowa ya ji. Ni kuwa ban faɗa wa kowa ba. Na dai aika garin Kahu a sayo min zabbi biyu, na kuma ce wa Adda Jumma, mai kawo mana nono daga Yalwa, ta dama min fura ta tafiya mai nisa. A ƙasarmu wannan daidai yake da biyan kuɗin sanarwa a rediyo. Ranar tafiya, muna idar da sallar asuba, babur ya tsaya a ƙofar gida. Yayar Malam ce, Yaya Lami daga Kibiya, da autanta Nasiru da jikokinta mata biyu, kowa da kayan Sallarsa.

Ta ce, "Matarmu, na ji za ku kai yara ganin gari. Na ce ai ba za ku iya da su ku kaɗai ba."

Yaran biyu ne, ta kawo mana taimakon yara uku. Malam ya kalli takardar lissafinsa, ya kalli yayarsa, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "Ai kin kyauta, Yaya."

Motar da ya samo mana ta Sale ce, mutumin Rurum Sabon Gari, mai kai albasa kasuwar Dei-Dei. Bas ce da aka cire kujerun bayanta aka cika da buhuna, saura ta gaba da ta tsakiya. An shirya wa mutum huɗu, mun zama takwas. Yaya Lami ta ɗauki jikin taga saboda jiri, Nasiru ya ɗauki ɗayar tagar saboda uwarsa ta ɗauki ta farko. Da aka rasa wuri ɗaya, ban ma juya ba na ce, "Ke, koma baya." Walida ta hau buhun albasa, aka ɗora mata ƙaramar jikar a cinya. Haka ta je Abuja. Na gani, ban ce komai ba, tunda ba a cewa.

Sale direba ne mai tawakkali. Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya ban ga ya nemi birki ba sai sau biyu, ɗaya ma don ya gaisa da wani ne. In ya wuce tirela a kwana sai ya juyo ya tambayi Malam yadda damina ta yi musu. Na karanta addu'ar tafiya, na ƙara da wadda ake yi wa mara lafiya, don ban san inda za a tsaya ba.

Masu tambaya ko mun ƙetare iyaka, a'a, Abuja a Najeriya take har yanzu. Amma shingayen da ke hanya sun isa mutum ya ji kamar ya ratsa ƙasa uku. A wani shinge bayan Kaduna, jami'in ya leƙo ya ga jarkar fura a gindin kujerar Malam, inda ta kwashe awa biyar tana shan zafin inji. Ya tambayi mene ne a ciki. Malam, don ya nuna mu mutanen kirki ne, ya ɗago ta ya murɗe murfin. Furar Adda Jumma ta tashi kamar an harbo ta. Rabi a farar shaddar Malam, rabi a hular jami'in, ɗan saura a gilashin Sale. Jami'in ya lashi leɓensa, ya ce da Hausarsa ta barikin, furar ta ji citta, mu wuce. Mai shirin tafiya da guzuri, ki tafi da ƙwallon furarki a bushe, ki nemi nono a can. Dambun nama, ƙuli-ƙuli da soyayyar zabuwa ne abokan tafiya, su ba sa tona asirin mutum.

Masaukinmu gidan wani abokin karatun Malam ne a Zuba, ciki da falo. An gaya masa mutum huɗu. Da ya buɗe ƙofa na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga mu. A garinmu Rano baƙo sallama kawai yake yi, a ƙara ruwa a miya. A can sai an buga waya, a faɗi adadi, a faɗi ranar komawa. Matarsa mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata, ta ba mu falon gaba ɗaya, ta kuma nuna mana bokiti ta yi mana bayani a hankali cewa ruwan nan saye ake yi daga 'yan garuwa. Yaya Lami ta ce ai ba komai, ta shiga ta yi wanka da bokiti biyu, ta wanke wa Malam shaddarsa da na uku.

Da safe na ga maƙwabciyarsu tana shanya, na gaishe ta yadda ake gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya maigida. Ta tsaya tana kallona, sannan ta tambaye ni da Turanci me nake sayarwa. Shekara huɗu suna katanga ɗaya da matar gidan, ba ta san sunanta ba. Na ce lallai nan za a daɗe ba a yi gulma ba, amma kuma in mutum ya faɗi a banɗaki sai dai Allah.

Ƙarfe goma muna ƙofar wurin wasan. Tun daga waje ana hango babban lilon ya fi itatuwa tsawo. Walida ta ɗaga kai ta tsaya kallonsa har sai da na ce ta matsa ta ba mutane hanya.

A nan muka gamu da iyakar gaske. Akwai wani sanda da aka kafa da jan layi a jiki. Yaron da ya wuce layin kuɗin babba zai biya. Walida ta ɗauko tsawon dangin babanta, ta wuce da kamar yatsa uku. Malam ya sunkuyo ya raɗa mata ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ai hijabi zai rufe.

Na ce, "Malam, da izu goma a ƙirjinta za a shigar da ita da ƙarya?"

Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, tsayuwa ce iri-iri."

"To ta yi irin wadda take yi a sahu."

Aka biya mata kuɗin babba. Ku auna 'ya'yanku a gida kafin ku yi lissafi, don sandan nan ba ya duba takardar haihuwa.

Sai binciken jaka. Ba a shiga da abincin waje. Mai gadin ya buɗe kular zabbi, ƙamshi ya bugi hancinsa, ya rufe da alamar baƙin ciki ya ce doka ce. Yaya Lami ta ce ita ba ta taɓa jin inda ake hana mutum shiga da abincinsa ba sai asibitin mahaukata. Muka koma gindin wata bishiya muka shimfiɗa zani, muka cinye abincin rana da na yamma da ƙarfe goma da rabi na safe, motoci masu baƙin gilashi suna wucewa suna rage gudu. Mai gadin ma an miƙa masa cinya, doka ba ta hana wannan ba. Abin dariya ne, amma da muka shiga muka ga kuɗin robar ruwa da na 'yar shinkafar da ba ta isa kyanwa ba, na gode wa Allah da bishiyar nan. Ku ci ku ƙoshi a waje, ku sha ruwa kamar za a ɗauki azumi.

Da muka shiga ne lissafin Malam ya gamu da ajalinsa. Ashe kuɗin ƙofa na shiga ne kawai, ka zagaya ka ga yadda wasu ke jin daɗi. Kowane lilo da tikitinsa daban. Malam ya tsaya gaban allon farashi ya daɗe, yana karantawa daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama ko zai canza. Daga ƙarshe ya ware kuɗin komawa gida ya mayar can cikin aljihu, sauran ya sayi tikiti ashirin da huɗu ya danƙa min. Ya ce ni ce mai riƙon amana. Ma'ana, in za a hana yayarsa wani abu, kada ya zama shi ne.

Mutanen wurin sai a hankali. Manya da gemu suna biyan kuɗi a ɗaure su a kujera a wuntsila su, suna ihu suna kiran iyayensu. Abin da Sale ke yi wa mutum kyauta. Iyaye mata kuma suna rungumar 'ya'yansu a bainar jama'a, suna sumbatarsu, suna kiran sunansu da ƙarfi ana ɗaukar hoto. Yaya Lami ta taɓe baki ta ce, "Ji wata ko kunya, da gani ma ɗan farinta ne." Na ce ai kuwa, zamani.

Muna cikin tafiya wani abu ya taso mana, kai kamar tulu, jiki duk gashi, kunnuwa kamar faifai, yana rawa. Jikokin suka ƙwalla ƙara suka shige zanin kakarsu. Yaya Lami ta ja Ayatul Kursiyyu tana tofa masa. Sai abin ya rusuna, daga cikin kan muka ji, "Hajiya, ina wuni? Daga ina a Kano?" Magidanci ne mutumin Bunkure, 'ya'yansa huɗu, yana shiga rigar nan tun safe har yamma. Ya tambayi yadda shinkafa ta yi bana, ya ce zafin cikin rigar ya fi na gidan burodi. Shi ya gaya mana babban lilon tikiti uku ne kowane mutum, yaro ba ya hawa sai da babba, kuma ana tsayar da shi ƙarfe biyar. Na lissafa a zuciyata: shida na Walida da babanta. Saura goma sha takwas na ƙanana. Ya isa har a yi sadaka.

Ban lissafa da Nasiru ba. Ya hau dokin roba, ya sauko ya ce bai ji komai ba, a sake. Ya hau ɗan jirgin ƙasa, ya ga motocin da ake karo da juna. Jikoki ba za a bar su ba, Abba ma ba za a bar shi ba. Duk sanda Yaya Lami ta miƙo hannu sai in yago in ba ta, in ce ai don su aka zo. Walida ta fi ƙarfin lilon ƙanana, sandan can ya riga ya yanke mata hukunci, saboda haka ita ce mai riƙe jakunkuna da takalma, ita ce mai kai wannan fitsari, mai goge wa wancan hanci. Muka yi azahar a ɗan masallacin wurin, muka dawo aka ɗora. Sau biyu ta zo kusa da ni ta tsaya, sannan ta koma wajen jakunkuna.

Bayan la'asar na buɗe hannuna. Shida cif.

Daidai nan Nasiru ya faɗi ƙasa yana birgima da kayan Sallarsa, shi sai an mayar da shi motar karo. Jikokin suka kama masa. Yaya Lami ta miƙo hannu ko kallona ba ta yi ba, don ta san abin da ya kamata, ni ma na sani. Ɗan miji da ɗan dangin miji kafin naka, naka ma na fari a ƙarshe. Na nemi Malam da ido, na same shi ya ba mu baya yana nazarin wata fulawa kamar zai rubuta jarrabawa a kanta.

Walida ta ce a hankali, "Umma, ba shi. Ni na gan shi ma, ya isa."

Da ta yi kuka ko ta turo baki, wallahi da na ba shi, har in haɗa mata da faɗa. Amma yadda ta faɗa ɗin, ba fushi ba komai, kamar wadda ta san tun daga Rano haka za a yi, shi ne na kasa jurewa. Yarinyar da take tashi kafin kowa ta yi tilawa a tsakar gida da sanyin asuba, wata bakwai. Ta zo kan buhun albasa. Ni na koya mata wannan "ya isa" ɗin, kuma ta iya shi fiye da yadda nake so.

Na dunƙule hannuna. Na ce, "Yaya, waɗannan na Walida ne."

Sunan ya fito a gaban kowa, ni kaina sai da na ji wani iri. Yaya Lami ta janye hannunta a hankali tana kallona kamar na cire ɗankwali a kasuwa. Na juya na ce Malam ya zo ya cika alkawarinsa. Ya ɗaga kai ya kalli ƙolin lilon, ya dafe ƙeya, ya ce tun ɗazu yake jin kamar jininsa ya hau. Mutumin da ko ciwon kai ba ya yi. Saura minti ashirin a rufe. Na karɓe jakunkunan daga hannunta na rataya masa a wuya, na kama hannun 'yata muka shiga layi.

Masu cewa na yi jarumta, ban yi ba. Akwatin yana barin ƙasa na rufe ido na kama duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa. Iska ta cika min hijabi kamar za ta tafi da ni Suleja. Na riƙe hannun yarinyar nan da hannu biyu, ni da na shiga a matsayin babba mai kula da yaro.

Ta ce, "Umma, buɗe ido. Ba ya faɗuwa."

"Wa ya gaya miki?"

"Ki buɗe kawai."

Na buɗe ɗaya. Muna can ƙoli, lilon ya tsaya ana ɗaukar wasu a ƙasa. Ga duwatsu kamar namu na Rano sai dai an yi musu kwalta a gindi, ga motoci kamar tururuwa, ga Malam can ƙasa da jakunkuna a wuya, ɗan mitsitsi. Ita kuwa dariya take yi, baki buɗe, tana nuna min hasumiyar wani masallaci. Sai na ga ashe haƙorinta na gefe da ya fita ya tsiro har ya kusa kai 'yan uwansa, ban san yaushe ba. Na daɗe ban kalli fuskarta haka ba. Na ce mata Allah ya yi mata albarka, ya bar mata abin da ta haddace, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Umma, kina matse min yatsa."

Muka sauko. Nasiru ya manta da kukansa, yana bin mutumin Bunkure yana ja masa wutsiya. Yaya Lami ta tarye ni da murmushin da na san zai kai Kibiya kafin mu kai.

Ta ce, "To matarmu, yau mun ga rashin kunya har a sararin samaniya. Hannu cikin hannu da 'yar fari."

Na ce, "Yaya, a can sama ba mai gani sai Wanda ya ba ni ita."

Ta ce wa Malam ya sauke jakunkunan nan, ya zama kamar mai tallan gwanjo.

Saboda haka mai tambayar yadda ake zuwa da araha, duk dabarun can ki gwada, wasu za su yi miki aiki. Amma kina shiga, kafin dokin roba, kafin komai, ki kai wanda aka yi tafiyar dominsa ya hau abinsa. Kara ta cinye sauran.

Washegari Sale ya ɗauke mu, ya sauke albasarsa, wuri ya samu. Duk da haka Walida ta nufi baya don sabo. Na ce ta dawo nan. Ta zauna tsakanina da Yaya Lami, kafin Kaduna barci ya kwashe ta, kanta ya gangaro kafaɗata. Na ji idon Yaya Lami a kanmu, ban motsa ba, na shirya jin magana. Rana ta shigo ta tagar Yaya Lami tana dukan fuskar yarinyar. Yaya Lami ta yi tsaki, ta ce wannan mota ko labule babu. Ta zare mayafinta ta maƙale a gilashin, ta riƙe gefensa da hannu har Zariya.